Daga Gafaka zuwa Kwamfuta: Yadda Rubutun Salaga da Yendi Ya Tsira

Duk wanda ya tashi a Yendi ya san inda kabarin Babatu yake. A nan madugun yaƙin Zabarmawan ya ƙare kwanakinsa a 1907, bayan ya shafe shekaru yana kai hari da kamun bayi a ƙasar Gurunshi, har Turawa suka watsa rundunarsa. Kabarin yana garinmu, baƙi suna zuwa su gani. Amma doguwar ƙissar yaƙe-yaƙensa da aka rubuta da Hausa cikin ajami, wadda wani Malam Abu ya rubuta a wajajen 1914, tana Landan, a ɗakin karatu na makarantar SOAS. Ta hannun wani likita Bature mai suna Corson, wanda ya yi aiki a Wa, rubutun ya ƙetare teku, kuma ba a buga shi cikakke ba sai a 1992, a birnin Warso na ƙasar Folan, da ƙoƙarin Farfesa Stanislaw Pilaszewicz.

Wannan misali ɗaya ne cikin masu yawa. Tarihinmu, mu Hausawan Yendi da Salaga da Bawku, a rubuce yake tun kafin zuwan Bature, sai dai a warwatse yake: wani a adakar gidajen malamai, wani a jami'ar Legon, wani a Jamus, wani a Amurka. A yau kuma jami'o'i suna kwashe irin waɗannan takardu, da mujallunsu da kundayen ɗalibansu, suna zubawa a kwamfuta, mutane da yawa suna ganin magana ta ƙare, an adana ke nan har abada. Kafin mu saki jiki da wannan zato, ya kamata mu waiwaya mu duba yadda abin da ya iso gare mu ya iso, da abin da ya sa ya iso.

Hanyar goro, hanyar littafi

A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Jugu ko ta Sansanin Mango, su yada zango a Yendi, sannan su gangara Salaga. Wannan shi ne fataucin Gwanja da kakanninmu suke ba da labari. Suna kawo kanwa da tufafi da jar fata da dabbobi, su koma da goron da Tonawa suke fitowa da shi daga kurmi. A kasuwar Salaga ana sayar da mutane kamar yadda ake sayar da goro, wannan ma yana cikin tarihin, ba mu da ikon goge shi.

Ayari ba ya tafiya ba malami. Shi ke duba ranar tashi, shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi, shi ke raba gado idan ajali ya riski wani a hanya. A kafaɗarsa akwai gafaka, a cikin gafakar akwai littattafai, warƙa-warƙa ba ɗinki, an haɗa su cikin tadarishi an ɗaure da tsirkiyar fata. Takardar kanta baƙuwa ce, mafi yawanta daga Italiya take, ta ratso Sahara a bayan raƙumi, shi ya sa take da tsada, shi ya sa kuma ba a wasa da ita.

Malaman Wangarawa sun riga namu isowa wannan ƙasa. A Dagbon, ana danganta karɓar Musulunci a fada da zamanin Na Zangina, wajajen shekarar 1700, kuma tun daga lokacin malamai suka sami muƙamai a gaban Ya Na, cikinsu har da gidajen da suke danganta asalinsu da ƙasar Hausa. Ke nan alƙalami ya daɗe a Yendi, kusa da gangar makaɗan fada waɗanda su ma suke riƙe da tarihin sarakuna a ka.

Ba injin ɗab'i a wancan zamani. Ɗalibin da yake son littafi sai ya ari na malaminsa, ya fere alƙalami, ya dafa tawada, ya zauna ya kwafe shi harafi bayan harafi. Idan ya kai ƙarshe, sau da yawa yakan rubuta sunansa, da sunan wanda ya mallaki littafin, wani lokaci da rana da wata da garin da ya gama, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Idan ya sauke karatu ya koma garinsu, littafin ya bi shi. Ta haka littafi ɗaya yakan zama goma, a garuruwa goma, a hannun mutanen da ba su ma san juna ba. Wannan ita ce ma'ajiyar magabata. Ba gini gare ta ba, ba ta da mai gadi, amma wuta ɗaya ba ta iya cinye ta.

Babban shaida a kan haka shi ne tarihin nan na Larabci da ake kira Kitab Ghanja, wanda malaman Gwanja suka tsara a tsakiyar ƙarni na 18. A cikinsa ne aka rubuta, shekara bi shekara, mutuwar sarakuna da malamai da aukuwar yaƙe-yaƙe, har da harin da Opoku Ware, sarkin Asante, ya kawo Yendi a tsakanin 1744 da 1745. Abin da ya iso hannun masana a ƙarni na 20 kwafe-kwafe ne da aka samu a gidaje daban-daban. Da Ivor Wilks da Nehemia Levtzion da Bruce Haight suka tashi buga shi a 1986, sai da suka jera kwafe-kwafen suna gwada wannan da wancan, inda ɗaya ya yage ɗaya ya cike, inda mai kwafi ya yi tuntuɓe wani ya gyara.

Shekarun wuta

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a kan arewa ya karye, hanyar goro ta fara kauce wa Salaga. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙi: Kabachewura Isifa ya samo taimako daga arewa ya kori Kpembewura Napo, aka washe Salaga, mazauna garin suka watse. Wasu suka nufi Kete-Karaci, wasu Yeji da Kintampo, wasu Yendi, wasu suka gangara har bakin teku. Zangunan Hausawa da dama na ƙasar nan daga wannan watsewa suka ƙaru. Shekara huɗu bayan haka, ranar 4 ga Disamba 1896, Jamusawa ƙarƙashin Valentin von Massow suka kara da mayaƙan Ya Na Andani a Adibo, bindiga mai aman wuta ta rinjayi bindigar toka, suka shiga Yendi suka cinna mata wuta. Garin da rufinsa ciyawa ce, in ya kama, takarda ce farkon tafiya. Yarjejeniyar 1899 kuma ta tsaga Dagbon gida biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, Salaga da Tamale suka zauna hannun Ingila, har zuwa yaƙin 1914.

Cikin waɗanda yaƙin Salaga ya tayar akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Karaci. An haife shi a Kano wajajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fatake ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Karaci ya zama limami, a can ya rasu a 1934. Ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa tun yana saurayi. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan yaƙin Salaga, da zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918. Ɗalibansa sun bazu a zangunan ƙasar nan, kowa da kwafinsa. Shi ya sa, da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, tafkin Volta ya shanye tsohon garin Kete-Karaci, waƙoƙin Imam Umaru ba su nutse tare da shi ba. Sun riga sun yi nisa da bakin ruwa.

Abin da ya fita waje

Wani kaso na rubutunmu ya tsira ne ta hanyar da ba mu muka zaɓa ba. A 1826, a yaƙin Katamanso kusa da Dodowa, an karya rundunar Asante, aka tsinci ƙunshin takardun Larabci a sansaninsu, ɗaruruwan warƙoƙi. Ƙunshin ya faɗa hannun mutanen Denmak da ke zaune a gidan ganuwa na Osu, yau yana babban ɗakin karatu na Kopenhagen. Mafi yawansa laƙani ne da hatimi, amma a tsakiya akwai wasiƙun da Musulmin Kumasi suke musanya da 'yan'uwansu na arewa. Sai a shekarun 1960 Levtzion ya zauna ya nazarce su ya bayyana wa duniya darajarsu, bayan sun yi kusan shekara 140 a kwance.

Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa, ya zauna a yankin Salaga a ƙarshen ƙarni na 19, ya tara rubuce-rubucen ajami, suka ƙare a ɗakin karatu na Balin. Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Karaci, ya zauna gaban Imam Umaru yana ɗaukar Hausa, shi kuma Imam ya rubuta masa dogayen bayanai a kan tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da sana'o'insu. Mischlich ya buga ƙamusunsa na Hausa a 1906. Takardun sun tafi Jamus, daga hannunsa suka koma hannun Heinz Sölken, daga bisani Pilaszewicz ya buga wani kaso nasu a shekarar 2000.

Akwai abin godiya a nan, akwai kuma abin takaici. An adana takardun, gara ba ta ci su ba. Amma jikan mai rubutun, in yana son ya gani, sai ya nemi biza. Fassarar da aka yi musu da Jamusanci ce ko Ingilishi, littattafan kuma ba a sayar da su a kasuwar Yendi. Kayan ya zama namu a suna, na wasu a hannu.

Aikin Legon

Bayan samun 'yancin kai aka sauya salo. A 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon, Kwame Nkrumah ya buɗe ta da kansa a Oktoba 1963. Shugabanta na lokacin, Thomas Hodgkin, tare da Ivor Wilks, suka ƙudura neman rubuce-rubucen Larabci da ajami a duk faɗin ƙasa. Wanda ya ɗauki nauyin yawon kuwa shi ne Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo. Shi ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, shi malamai suka yarda da shi har suka buɗe masa adakarsu.

Tsarin da suka bi ya cancanci a tsaya a kansa. Ana aro littafi daga mai shi, a kai Legon a ɗauki hotonsa da injin kwafi, a ba shi lamba, a rubuta sunan mai shi da garinsa, sannan a mayar masa da abinsa. Asali ya zauna a gida, jami'a ta riƙe kwafi. Wato dai sun ɗauki hanyar ɗalibin nan na da, sun sauya alƙalami da inji. A haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce daga Salaga da Yendi da Kete-Karaci da Wa da Kumasi da sauran garuruwa, waƙoƙin Imam Umaru na cikin waɗanda suka fi yawa. Daga baya wani jerin kwafin ya isa ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ya zama ajiya ta biyu. Da John Hunwick ya fitar da juzu'i na huɗu na babban kundinsa na marubutan Larabci na Afirka a 2003, sunayen malaman ƙasar nan da lambobin Legon suka shiga cikinsa.

A wannan zamanin ne Marion Johnson ta tattara duk abin da matafiya da jami'an mulki suka rubuta a kan Salaga, cibiyar ta fitar da shi cikin juzu'i biyu. A 1968 kuma aka yi aikin binciken Yendi, haɗin gwiwar Legon da Northwestern: masu bincike suka zauna da malaman garin nan suna tambayarsu asalinsu da silsilar malamansu da littattafan da suka karanta. An buga rahotannin da tafireta, aka juya kwafi kaɗan. Daga wannan aiki Phyllis Ferguson ta rubuta kundin digirinta a Jami'ar Kambirij a kan malaman Yendi. Dattawan da suka yi wannan magana sun riga mu gidan gaskiya, muryarsu tana cikin waɗannan takardu.

An yi aikin a kan kari. A 1966 aka kifar da gwamnatin Nkrumah. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, aka ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Zanguna suka girgiza, gidaje suka rabu, mutanen da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, suka hau mota zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Mai gudu da mako biyu ba ya iya ɗaukar komai da komai. A 1994 yaƙi ya sake ratsa yankin Bimbila da Yendi da Salaga, ƙauyuka da yawa suka ƙone. A Maris 2002 fadar Gbewaa ta sha wuta. 'Yan'uwanmu na Bawku kuwa sun san abin da dokar hana fita da ƙonewar gidaje suke nufi. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru ya san takarda ɗaya a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce.

Darasin 1969 ya fi kowanne zafi. Ranar da aka tambayi mutum yaushe ya zo, amsar baka ba ta wadatar. Mu tsiraru ne a ƙasar da muka yi ƙarni biyu ko uku a cikinta, muka yi auratayya, muka binne iyaye. Waɗannan warƙoƙi su ne suke nuna cewa kakanninmu suna nan suna karantarwa da ciniki da rubuta wa sarakuna wasiƙa tun kafin a shata iyakar da ake kira Ghana.

Sabuwar adaka

Yanzu zamani ya juya. Jami'ar Ghana tana da rumbunta na intanet mai suna UGSpace. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 tana da nata, UDSspace. A ciki ake zuba kundayen digiri da maƙalu da rahotanni, har da binciken da 'ya'yanmu suke yi a kan zango da makarantun allo da kasuwanni. Tsofaffin fitowar mujallar cibiyar Legon, wadda a cikinta aka riƙa buga jerin rubuce-rubucen Larabcin da aka tara, Jami'ar Jihar Michigan ta ɗauki hotonsu ta sa a intanet. Wani shiri na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004 domin ceto takardun da ke cikin haɗari, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton tsofaffin fayilolin ma'ajiyar gwamnati ta Tamale. Abin da a da sai an yi tafiyar kwana da kwanaki, yau ɗalibi a Yendi yana iya buɗe shi a wayarsa. Wannan alheri ne babba, ba mai musunsa.

Sai dai sabuwar adakar tana da tata garar. Abin da muke kira intanet, in an bi shi zuwa tushe, kwamfuta ce a wani ɗaki, tana bukatar wuta da sanyi da mai kula da ita. Sunan shafi haya ake biya masa, shekarar da ba a biya ba ya rufe. Ma'aikacin da ya san kalmar sirri yana iya barin aiki. Faifan CD yana lalacewa a ajiye, filashi yana mutuwa ba sallama. Ko fayil ɗin yana nan lafiya, na'urar da za ta buɗe shi tana iya ɓacewa: wa ke da injin da zai karanta ƙaramin faifan nan mai kusurwa huɗu da ɗaliban jami'a suke ajiye kundayensu a kai a shekarun 1990?

Mutanen Ingila sun ɗanɗana wannan. Suna da wani littafin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a kan fata a 1086, har yau ana karanta shi. A 1986 gidan rediyon BBC ya yi sabon irinsa domin cikar shekara 900, aka zuba shi a faifan leza na zamani. Kafin a yi shekara 20, na'urorin da ke karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto. Wani bincike da Mikael Laakso da abokan aikinsa suka yi ya gano mujallun ilimi fiye da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, da yawansu na jami'o'i ne da ƙungiyoyin masana. Cibiyar Pew ta Amurka ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. A Oktoba 2023 'yan kutse suka afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya kansa, aka yi watanni jama'a ba sa iya kaiwa ga kundin sunayen littattafansa da tarin hotunan takardunsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mu riƙe. Takarda tana mutuwa a hankali, tana ba da sanarwa: gefe ya ci, tawada ta dushe, mai ita ya gani ya sa a kwafe. Fayil kuwa jiya yana nan cikakke, yau babu shi gaba ɗaya. Littafin da aka manta da shi a adaka yana iya yin shekara 100 yana jiran mai buɗewa, kamar yadda ƙunshin Kopenhagen ya jira. Fayil ɗin da aka manta da shi shekara goma, da wuya a same shi da rai.

Masana ajiya na jami'o'in duniya sun gane haka, maganin da suka samo kuwa tsoho ne a wurinmu. A ƙarshen shekarun 1990 Jami'ar Stanford ta ƙirƙiro tsarin LOCKSS, inda ɗakunan karatu da yawa suke riƙe kwafin mujalla ɗaya, kwamfutocinsu suna gwada kwafinsu da na juna a kai a kai, wanda ya sami taɓo a gyara shi daga na sauran. Abin da aka yi wa Kitab Ghanja ke nan, sai dai inji ne yake yi. Bayanan da suke dagewa a liƙa wa kowane fayil, wato wa ya rubuta, yaushe, a ina, daga hannun wa aka samo, su ne abin da mai kwafi yake rubutawa a warƙar ƙarshe. Mutanen Timbuktu ma sun tabbatar da wannan a 2012 da 2013: abin da aka bari a ginin cibiyar Ahmad Baba, dubbai daga ciki sun salwanta, abin da iyalai suka rarraba cikin akwatuna aka sulale da shi Bamako ya tsira.

Abin da ya rage gare mu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jami'a ita kaɗai ba za ta ɗauke mana wannan ba. Aikin farko a gida yake. Gidan da ke da adakar littattafai, a buɗe ta lokacin rani, a kakkaɓe, a ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai laima. Kada a liƙa wa tsohuwar warƙa salatif, kada a rufe ta da roba mai zafi, domin gyaran da ba a iya warwarewa ɓarna ne. Kada a sauya jerin warƙoƙi, tunda ba lambar shafi gare su ba, kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ita ke nuna mai bi mata.

Sannan a ɗauki hoto. Wayar hannu mai kyau ta isa, a inuwa mai haske, warƙa bayan warƙa, gaba da baya, har da bango da rubutun gefe. A rubuta sunan littafin, da gidan da yake, da wanda ya gada daga wa, da ranar ɗaukar hoton. Hoton da aka tura ta WhatsApp yana raguwa, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ya tafi, saboda haka a ajiye na asali a wuri uku aƙalla, ɗaya daga ciki a wani gari: ɗaya a Yendi, ɗaya wurin ɗan'uwa a Kumasi ko Nima, ɗaya a ɗakin karatu na jami'a. Duk shekara a buɗe a duba, duk 'yan shekaru a juya zuwa sabuwar ma'ajiya. Abin da ya fi muhimmanci a buga shi a takarda ma. Abin da iyali suke ganin sirrinsu ne, su suke da ikon cewa a adana amma kada a baza, kuma a rubuta wannan sharaɗi tun farko.

'Ya'yanmu da ke jami'a, duk wanda ya yi bincike a kan zango, ya tabbata kundinsa ya shiga rumbun jami'arsa, ya kuma kawo kwafi bugagge ga mutanen da ya yi wa tambayoyi. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa suna da bakin da za su rubuta wa Legon da Northwestern da SOAS da Balin su nemi kwafin abin da aka samo daga garuruwanmu: rahotannin binciken Yendi na 1968, da rubuce-rubucen da Alhaji Usmanu Boyo ya aro, da ƙissar Malam Abu. Ba asalin muke nema a ɗauko ba. Kwafi muke so, a ajiye a makaranta ko masallaci a Yendi da Salaga da Bawku, inda jikokin masu maganar za su gani. Wannan ma taimako ne ga su jami'o'in, domin kowane kwafi da ya ƙaru kariya ce ga nasu.

Na ƙarshe shi ne mai karatu. Ajamin Imam Umaru da na Malam Abu, in babu wanda ya iya karanta shi, hotonsa a kwamfuta zane ne kawai. Har yanzu akwai dattawa a cikinmu da suke karanta warash da ajami ba gargada, suke gane hannun wane da na wane. A zaunar da yara gabansu tun suna nan, a ɗauki muryarsu suna karantawa suna fassarawa, a ajiye muryar tare da hoton warƙar.

Magabatanmu sun karɓi littafi daga malamansu, suka kwafa, suka miƙa, a cikin yaƙi da gudun hijira da tsadar takarda. Mu da kwafi ya zama mana aikin daƙiƙa, ba mu da hanzarin da za mu kawo in ya yanke a hannunmu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rubuta da waɗanda suka kwafa, ya ba mu ikon miƙa amanar ga na bayanmu.